Mai Tsaya Wa Baba a Baya

Port Lincoln, 3 ga Mayu

Yaya Narelle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Graeme da yara kuna lafiya. Na gama gaisuwa, yanzu ki saurara.

Wasiƙarki ta same ni a bakin injin yankan kifi. Na karanta da hannu duk ƙarni, na sake karantawa, raina ya ƙara ɓaci. Wai Baba ya sayi sabuwar tirelar zango, irin wadda ake ja da mota a kwana a ciki, bai shawarci kowa ba, don haka a sayar da ita, shi kuma a kwaso shi daga Wallaroo a ajiye a ɗakin bayanku na Adelaide. Wa zai shawarta? Ke? Mutum ya ƙare ƙarfinsa yana loda alkama a jiragen ruwa, yanzu sai ya nemi izini kafin ya fita ƙofar gidansa?

Kin san ni da shi ba ma shan inuwa ɗaya, tun kafin rasuwar Mama ma. Duk da haka na hau bas na je na ga tirelar. Kyakkyawa ce, ana ɗaga murfin sai ta miƙe ta zama tanti da gado. Amma wanda ya sayar masa mugu ne. Babu tayar safaya, babu waigin tare taya, tukunyar gas fayau, turakun tantin kuwa sirara kamar allurar saƙar Mama, ƙasar arewa inda zai nufa za ta lanƙwashe su tun daren farko. Na sa shi ya sayo manyan turaku da guduma, jarkokin ruwa, shebur, ragar ƙudaje, da abin kashe gobara.

Na ce, "Baba, jak ɗin motarka ba zai ɗaga wannan ba."

Ya ce, "A wane littafin ka karanto, Farfesa?"

Na ce, "A wanda ya zo tare da tirelar. Ga shi can ka ɗora kofin shayi a kai."

Ya ce in fita masa daga gareji. Washegari na ga sabon jak a bayan mota.

Tafkin Eyre ya yi ruwa bana, Yaya. Kin san sai a shekara da shekaru yana nan farin gishiri. An ce tsuntsayen kwasa-kwasa sun rufe bakinsa. Da zafi ya dawo zai ƙafe, kuma Baba ba shi da wasu shekarun jira. Abin da yake so ya gani ke nan. Ki bar shi ya tafi.

Ki gaida yara. Graeme kuma in yana so.

Ƙaninki,
Wade

*

Adelaide, 16 ga Mayu

Wade,

Muna lafiya, na gode. Ina fata kana cin wani abu ban da burodi da baƙin shayi.

Ba zan biye maka ba, zan dai gaya maka abin da Baba bai gaya maka ba. Makon jiya ya ja tirelar zuwa filin zango na bakin teku don gwaji. Ka san al'adar wurin: da la'asar kowa ya fito da kujerarsa da kwalbarsa, ba abin da suke kallo sai sabon zuwa yana ribas zai shigar da tirela gurbinta. Ka tuna yadda Baba ke taƙama da wannan. Da tsohuwar tirelarmu tashi ɗaya yake shiga, ya fito yana gyara wando kamar ya ci kofi.

To, wannan karon ya yi ta yi. Tirelar ta karye hagu, ta karye dama, wani ya ɗaga murya ya ce, "Kaka, ka juyo da teku ya fi sauƙi!" Aka yi dariya. Daga nan ya take totur, ya haye famfon filin, ruwa ya tashi sama, kuma saura ƙiris ya bi ta kan keken wata yarinya. Yarinyar ba ta kai, amma tana kusa. Bai kwana ba, ya juyo gida. Matar Hocking maƙwabcinsa ce ta buga mini waya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, Wade, na san wuyan Baba. Ya sandare, ba ya iya waiwaye. Ka sa ya sayo guduma da shebur, madalla. Wanne daga cikinsu zai hana shi take ɗan wani a wurin da asibiti mafi kusa sai an yi wuni ana tafiya?

Graeme ya samo mai saye a wurin aikinsu. Zai zo Asabar ɗin farko ta Yuni. Ba mugunta ba ce. Ni ce zan amsa waya in wani abu ya faru, kai ko wayar ba ka da ita.

Ka kula da kanka.

Yayarka,
Narelle

*

Port Lincoln, 21 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafa, yaya wuya?

Na ji labarin famfo. Abin da ya ba ni haushi ba famfon ba ne, a bakin Narelle na ji, ita kuma a bakin matar Hocking, wadda ko atishawa ka yi sai Adelaide ta sani. Ka ba su sandar dukanka da hannunka.

Ga kwali nan tare da wannan wasiƙa. Dogayen madubai ne, ana ɗaura su a kan na gefen mota, suna leƙo har bayan tirela. Ba sai ka waiwaya ba. Na kwana biyu a laburare ina bin littattafan tuƙi, ga abin da na samo: ka riƙe sitiyari ta ƙasa, duk inda hannunka ya nufa, nan bayan tirelar zai nufa. Ka tafi a hankali kamar kana bin gawa. In ta fara karyewa ka ja gaba ka miƙar da ita, kada ka yi zuciya. Na san wannan na ƙarshen ne zai gagare ka, a wurinka na gada.

Ka je filin ƙwallo da safe lokacin babu kowa, ka jera jarkoki ka yi ta gwadawa. In mai sayen nan ya zo, ka shigar da ita gareji da ribas a gabansa, sannan ka ce ya gaida gida.

Da zan iya da na zo. Na nemi hutu, shugaban sashenmu ya ce duk wanda ya fita a wannan watan ya fita ke nan. Ni kuwa wannan ne aiki na farko da na riƙe har ya kai shekara.

Ka rubuto. Kada ka sa Hocking ya rubuta maka, ba na son labarin tumatirinsa.

Ɗanka,
Wade

*

Wallaroo, 28 ga Mayu

Farfesa,

Saƙo ya iso. Lafiyata ƙalau, wuya yana nan inda ka bar shi.

Na ɗaura madubai. Suna da kyau, har kare na hango a ƙarshen layi. Na je filin ƙwallo kamar yadda ka ce. Na kashe jarka biyu.

Maganar riƙe sitiyari ta ƙasa kuwa, na san ta tun kana cikin zane. Ba hannuna ne ya manta ba. Abin da littafinka bai faɗa ba, ni ban taɓa kallon tirela ba in ina ribas. Uwarka nake kallo. Da mun isa fili za ta sauka, ta tsaya a baya inda zan gan ta a madubi, da tsumman goge kwano a hannu. Ba ta cewa hagu ko dama, don ta san sai mu yi faɗa. Inda ta kaɗa tsumman nan nake bi. In ta ɗora shi a kafaɗa, in taka birki. Mutane na tafa mini, ita kuma ta wuce ta ɗora ruwan shayi.

Yanzu in na duba madubin sai in ga ciyawa da sararin Allah, in rasa abin da zan bi. Naka madubin ya fi girma, ciyawar ce ta ƙaru.

Yayarka ba ta yi ƙarya ba. Na ga fuskar yarinyar nan mai keke. Mutumin zai zo Asabar, zan ba shi har da turakun da gudumar, ya more. Kada ka yi mata rashin kunya a kan wannan.

Ka riƙe aikinka. Na ji daɗi da ka kai shekara, ko da ban faɗa ba.

Babanka

*

Hawker, 4 ga Yuni

Yaya Narelle,

Gaisuwa a tsaye, a kan bonet nake rubutu.

Ki ba abokin aikin Graeme haƙuri, ya nemi wata tirelar. Ni da Baba mun fito da ita tun Juma'a. Aikin kifi kuwa na bar musu, kada ki fara, na riga na zagi kaina a bas.

Jiya muka shiga filin zango a nan. Na tsaya a baya da tawul, ya ce ina kaɗa shi kamar mai korar ƙuda, na ce shi ma yana tuƙi kamar mai tura gadon asibiti. 'Yan kallo sun sha dariya har wani ya ƙware. Amma tirelar ta shiga, kuma ba mu taɓa ko tukunyar fure ba. Duk inda zai yi baya, ina bayansa. In ban sauka ba, ba ya taɓa giyar ribas. Wannan alkawari ne, ki rubuta ki ajiye.

An ce ruwan tafkin ya fara ja. Ban sani ba ko za mu same shi.

Dole in tsaya nan. Ya shigar da mota lungu a nan gidan mai, sai da ribas za ta fita, yana ta danna mini hon.

Ƙaninki,
Wade