Barewar da Ta Kwana a Daji

Xiaobei, Guangzhou

Zuwa ga ɗana Ma'azu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Firdausi da jaririyar, kuma sanyin Amurka da sauƙi. Nan sai ruwan sama. Ɗakin abincinmu na tafiya, alhamdulillahi.

Na ga hotunan barewa biyun da ka harba da bindigar hannun maƙwabcinka, waɗanda kake son a ciyar da baƙin suna da namansu. Ta farko ba ni da damuwa da ita. Ka ce harsashin ya buɗe baki amma bai rabu da rigarsa ta tagulla ba, ya ratsa huhu, ta faɗi, ka riske ta da rai ka yanka.

Ta biyun ce ta tsaya mini. Ka ce wancan harsashin mara nauyi ne, ya daki ƙashin kafaɗa ya tarwatse, dalmar ta watsu a nama ba ta shiga ciki sosai ba, dabbar ta gudu. To yaushe kuka same ta? A makarantar allo an koya mana abin farauta idan ya ɓace ya kwana, ba a ci, ko an yi bisimilla wajen harbi. Ka faɗa mini yadda aka yi, kada ka sassauta don ni.

Mahaifiyarka,
Rabi'atu

Xiaobei

Ma'azu,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin mai jego. Allah ya yi maka albarka da ba ka ɓoye ba: da safe kuka tsinci barewar, ta sandare, kuma mahaucin da ka kai wa ya haɗa naman biyun a leda iri ɗaya.

Ban yarda da tunanina kaɗai ba, na tambayi Malam Abdulrasheed bayan Juma'a. Amsarsa ita ce tawa. Tunda ba a iya rarrabewa, duka za ka fitar daga firizar. Ga kuma ɓarɓashin dalma, ga mai shayarwa a gida.

Na san farautarka ta farko ce, na kuma san ka gaya wa mutane. Ni ma na cika baki a nan titinmu na Huanshi Lu, har Hajiya Asma'u ta saman benenmu ta sa a ajiye mata kilishi. Gobe zan hau bene in gaya mata babu. Kai ma ka kira naka baƙin, ka ce rago za su ci.

Ka gaida Firdausi, ka shafa mini kan yarinyar.

Mahaifiyarka,
Rabi'atu