Abin da Na Ji ta Bayan Zana

Kukar Dogo, 20 ga Rabi'u Sani, 1394

Zuwa ga Malam,

Ka gafarce ni da zan raba ka da ɗinki da karatu, ga shi idon naka ba ya son ƙananan baƙi. Da saƙon baki ne da na bar wa Muttaƙa ya faɗa maka in ya iso Kano da kayansa, to amma ba irin maganar da ake ɗora wa wani ba ce. Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya zafin birni, yaya tarin nan da ka tafi da shi? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Jar akuya ta haihu. An raba mana dawar taimako, tuwonta ba daɗi, amma yana tsai da yunwa.

Malam, na fita ba da izininka ba. Ranar Litinin na je Magariya, na tsaya gaban alƙalin gwamnati, na ba da shaida a kan yayanka Alhaji Mainassara. Na sa wannan a gaba don kada ka ce na ɓoye shi a gindin takarda. Tun da na dawo nake cin abinci ina jin ɗanɗanonsa, rabona da haka wata shida.

Ka ji labarin ƙona rugar Sambo bayan tafiyarka, amma yadda kowa ya ji shi ka ji. Bayan ƙaramar Salla da ƴan kwanaki shanun Sambo suka shiga waken Tamu da bai gama kwashewa ba, a shekarar da ko kara ya yi daraja. Alhaji yana perzidan, wato shugaban kwamitin jam'iyya a lokacin, ya sa aka buga ganga, gari ya taru gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Ka san inda ake aje masa kujera, jikin zanarmu, inda inuwa ta fi kauri. Ka kuma san maganarsa, ƙasa-ƙasa, Bawa sanƙira na tsaye yana ɗaga wa jama'a. Duk wanda ya wuce tabarmar farko muryar Bawa kaɗai yake ji. Kwana uku da taron samari suka faɗa wa rugar. Bukkoki suka ƙone, maruƙa suka mutu a turke, aka karya hannun Yero ɗan Sambo, wanda zazzaɓi ya tsare a gida ranar. Har yau ba ya iya ɗaga sanda da shi.

A lokacin ba wanda ya tanka. Da soja suka karɓi mulki jam'iyya ta faɗi, Sambo ya kai ƙara, jandarma suka zo suka kwashe samari shida. Samarin suka ce zuga su aka yi. Alhaji ya ce shi haƙuri ya ba mutane, Bawa ne ya ƙara nasa don a yi masa kyauta. Dattawa huɗu da ke kan tabarmarsa suka ce haka ne. Sauran gari suka ce daga bakin Bawa suka ji, kuma ba ƙarya suka yi ba. Aka rufe Bawa a gidan kaso, ana maganar shekara biyar.

Ni kuwa ranar taron ina zaune bayan zana ina kaɗi, tsakanina da kujerar bai kai kamu biyu ba. Muryoyin biyu duka na ji.

Ban wuce Alhaji na tafi ba. Sai da na shiga gidansa, na durƙusa, na gaya masa abin da na ji, na roƙe shi ya fid da Bawa da bakinsa, ni ba sai na fita ba. Bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi in koma kan abawata, maganar maza ba ta shiga kunnen mace daidai, kuma in tuna gidan wa nake. Na jira kwana bakwai ko zai motsa. A kwana na takwas na hangi matar Bawa ta kama hanyar Magariya da ƙafa, da ƙwarya a kai, ƙafar duk faso. Washegari na shiga kamiyo, babbar motar ƴan kasuwa.

Na yi alwala, na rantse. Alƙalin yaro ne, bai kai ɗan farinmu ba, da mai fassara a gefensa. Na ce masa ni ban iya shari'a ba, abin da na iya shi ne biya karatu yadda aka biya mini, tun ina ƴar allo a zauren babana. Ya ce abin da yake so ke nan. Sai na jero masa kamar tilawa. Alhaji ya ce bana ba sarki ba gwamnati da za ta biya Tamu wakensa. Ya ce a zamanin iyayensu garin nan na da maza, saniya ba ta ƙara kwana kusa da gonar da ta ci. Ya ce samarin yanzu su karɓi zannuwan ƙannensu su ɗaura, ya fi masu. Duk wannan Bawa ya ɗaga yadda aka ba shi. Sa'an nan Alhaji ya ce ranar kasuwar Sassumbrum mazan rugar duk tafiya suke, ba kowa sai mata. A nan Bawa ya yi shiru, har na ɗauka taro ya tashi. Sai na ji Alhaji ya ce, "Bawa, hatsin wa ke cikinka? Faɗa masu." Ya faɗa. Alhaji ya rufe da cewa shi dai bai aiki kowa ba, dattawan tabarma suka yi dariya.

Ban rage abin da ke gefensa ba, Allah shaida. Na ce bai ambaci wuta ba, bai ambaci duka ba. Na ce shanun sun ci waken da gaske, na ga Tamu yana kuka kamar yaro. Na ce Alhaji ya buɗe rumbunsa a yunwar nan, har mu mun ci. Na kuma ce kirarin da aka yi wa samari daga ƙarshe na Bawa ne shi kaɗai, ba wanda ya sa shi. Da na faɗi haka Bawa ya sunkuyar da kai, na ji tausayinsa, amma rantsuwa na yi.

A gaban alƙali Alhaji ya ce ba na wurin ranar taron. Na roƙi a tambaye shi wa ya miƙo masa ruwa ta ƙarƙashin zana da tari ya sarƙe shi a tsakiyar magana, a ƴar ƙwaryar nan mai ɗinki a baki. Daga baya ya ce ya sha ruwan. Wannan kam na yaba masa.

Sai alƙali ya yi mini tambayar da nake tsoro. Ya ce da na ji maganar, me na ɗauke ta, faɗan bakin dattijo mai fushi, ko umarni? Malam, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Washegarin taron Hinda matar Sambo ta kawo mini nono kamar kullum. Na kasa duban idonta. Na saye nonon duka ba ciniki, don ta bar garin da wuri, ban ce mata komai ba. Na yi ta gaya wa kaina ai magana ce kawai, maza sun saba. Amma mai ɗaukar abu magana kawai ba ta sayen nonon da ya fi ƙarfin gidanta ta bari ya lalace. Haka na faɗa wa alƙali. Ya sa mai fassara ya maimaita masa, ya rubuta da hannunsa.

An ce sai bayan sati uku za a yanke. Ko me aka yanke, na sauke nawa. Ka gai da maigidan da kake zaune wurinsa da iyalinsa.

Iyalinka,
Zuwera


Kukar Dogo, 24 ga Jimada Awwal, 1394

Zuwa ga Malam,

Ka ƙara haƙuri da ni, ga wata kuma. Ina gaisuwa, ina fatan tarin ya sake ka. An yi ruwa daren Alhamis, ya jiƙa ƙasa kamar tafin hannu, mutane sun fara fid da iri.

Bawa ya fito. Alhamdu lillahi. Alƙali ya ce zaman da ya yi ya ishe shi ladan kirarinsa, ya ja masa kunne ya sallame shi. Samarin an ba su shekara biyu-biyu. Alhaji shekara ɗaya, kuma zai maida wa Sambo maruƙansa. Yadda aka kawo mana, alƙali ya ce mutumin da gari ke jin maganarsa, in ya kunyata samari a bainar jama'a, ya nuna masu wuri, ya gaya masu ranar da ba mai tsare shi, to ba sai ya ambaci wuta ba.

Gari ya rabu a kan wannan. Wasu na cewa in magana ce za ta kai mutum kaso, to a kewaye kasuwar Bande da katanga a huta. Tamu ya ce shi wakensa har yanzu ba wanda ya yi zancensa, kuma yana da gaskiya. Liman ya ce shi ba zai sa baki a shari'ar nasara ba, amma ya san ana tambayar harshe kamar yadda ake tambayar hannu. Ni na juya abin sosai, don ba na so in ɗauki alhakin ɗan'uwanka. Da fushin kawai ya yi, ya zagi shanu ya zagi samari, da ban taka Magariya ba. Ranar kasuwar ce ta tsaya mini. Mai fushi ba ya lissafa wa mutane ranar da maza ba su nan. Shekara ɗaya ta yi yawa ko ta yi kaɗan, wannan ban sani ba, kuma na gode Allah da ba ni aka tambaya ba.

Jiya da hantsi aka yi sallama a ƙofa da wata ƴar murya, na ɗauka baƙo ne. Ashe Bawa ne, ya rame, an aske masa kai. Ya ce ranar kasuwa zai kewaya da sunana rumfa-rumfa har sai muryarsa ta dushe. Na ce in yana son ya saka mini, ya bar sunana inda yake. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekara talatin yana sana'ar nan, yau ne aka fara roƙonsa ya yi shiru.

Hinda ma ta zo. Na shimfiɗa mata tabarma, na gaya mata abin da na gaya wa alƙali, ban gyara ba. Ta ce tun ranar da na saye nonon ban taya ba ta san akwai wani abu, ba ta dai san mene ne ba. Sa'an nan ta ce, "Kalma ɗaya, Zuwera, da mun kwance maruƙan." Ba ta ce ta yafe ba. Amma da za ta tafi ta bar ƙwaryarta a ɗakina, ta ce za ta ɗauka in ta kawo na jibi.

Ƴar ƙofar da ke tsakaninmu da gidan Alhaji an ɗaure ta da igiya daga can ɓangaren. Ban taɓa ta ba. Ina dama fura ranar kasuwa ina ba masu zuwa Magariya su miƙa masa a gidan kaso. Ƙwaryar farko ta dawo cike. Ta biyu ta dawo a wanke.

Saura kai, Malam. Muttaƙa ya ce ka karanta takardata sau biyu, ka naɗe ta ka sa a aljihu, ba ka ce komai ba, sai da zai taso ka ba shi farar takarda da ƙaron tawada ya kawo mini. A kanta nake rubuta wannan. Na fassara wa kaina abin yadda ya yi mini daɗi, amma ban saba gina zance a kan abin da ban ji ba. Yayanka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni kuma na fita ba ka ce in fita ba. Ina so in san ko ka yafe mini fitar, kuma in ka dawo shuka ta wace ƙofa za ka fara shiga.

Muttaƙa zai juyo ranar Talata. Don Allah ka ba shi amsa a rubuce, ko layi biyu ne, kada ka jinkirta.

Iyalinka,
Zuwera