Ranar da Muka Kai Orval Gobara

Tipton Run, watan Satumba

Zuwa ga 'yata Loretta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Dwayne da yara. Yaya ciwon bayan nasa? Ki ce masa na ce zaman kujera ne. Ni ƙalau nake, gwiwa ce kawai take mita, ba na kula ta.

Kin ce in daina faɗa da mutane a kan haraji. Ba faɗa nake ba, gaskiya ce take fita da ƙarfi. Majalisar gari ta sa ƙuri'a a watan Nuwamba, wai a ƙara harajin gidaje don a ɗauki 'yan kwana-kwana masu albashi su zauna a tashar kashe gobara da rana. Masu albashi, Loretta! Kakanki da maƙwabtansa suka gina tashar nan da hannunsu bayan gobarar wurin yankan katako. Tun ina saurayi, in jiniya ta yi kuka, mai tatsar saniya ya ajiye bokiti, mai aski ya bar kai rabi, ba wanda ya taɓa karɓar ko anini. Motar kashe gobarar ma da kuɗin gasassun kaji muka saye ta. Uwarki, Allah ya ji ƙanta, kowace bazara warin hayaƙi take yi.

Curtis Beal, shugabanmu na yanzu, shi ne ya kawo maganar. Ya ce, "Baba Virgil, samari duk a birni suke aiki. Da rana ba kowa a garin nan sai ku da kuliyoyi." Abokina Orval Shaffer ya ce masa, "Mu da kuliyoyin mun kashe wuta tun ana ɗaura maka zane!" Ni da Orval muna bi gida-gida muna cewa a ƙi. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba gobarar da aka yi a kwarin nan da ba ta cikin kaina, kuma duk mu muka kashe.

Ki gaida yara.

Mahaifinki,
Virgil Kimmel

Tipton Run, watan Oktoba

'Yata Loretta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gode da furannin da kika aika wa Wilma, matar Orval. Zuciyarsa ce ta tsaya yana share ganye a ƙofar gida. Sai haƙuri.

Kin san al'adarmu. Ɗan kwana-kwana ba ya tafiya maƙabarta sai a kan motar kashe gobara. Wurin da ake ɗora akwatin gawa kuwa shi ne inda mesar feshin ruwa take kwanciya. Muka sauke mesar duka a tasha, muka goge mota, muka ɗora Orval. Ranar Talata ce. Curtis ya nemi hutu a wurin aiki don ya tuƙa, sauranmu tsofaffi ne cikin kwat.

Mun bar coci ke nan, ana tafiya a hankali, jiniya ta tashi. Gidan Nadine Hostetler ne, mai 'ya'yan nan tagwaye, wuta ta kama daga kicin. Curtis ya taka birki, kowa ya juya yana kallon Wilma. Ta leƙo daga motar fasto ta ce, "Me kuke kallona? Ku tafi da shi! Duk rayuwarsa yana barina a tsakiyar cin abinci, yau ne zai fasa?"

Muka tafi a guje. Na rantse miki Orval bai taɓa isa gobara da wuri haka ba. Curtis ya yi tsalle ya hau baya zai jawo mesa, sai ga akwati. Ga ruwa cike da tanki, ba abin kai shi. Muka koma ga bokiti da 'yar mesar ban-ruwan lambu. Kafin motar garin Milford Gap ta iso, rufin ya rufta.

Nadine da yaranta sun fita lafiya. Ta tsaya a ciyawa ba takalmi, ta kalli akwatin, ta kalle ni, ta ce, "Baba Virgil, wuta na kira a kashe mini, kuka kawo mini gawa?"

Da yamma muka binne Orval, akwatinsa duk toka.

Mahaifinki,
Virgil

Tipton Run, watan Nuwamba

'Yata abar ƙaunata,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan sanyi bai takura wa yara ba.

An yi taro a tasha kafin ƙuri'a. Mutanenmu suka yi ta cewa tsautsayi ne, ba don jana'iza ba da mesa tana kan mota. Na miƙe. Na ce haka ne, da mesa tana kan mota, mota kuma tana cikin tasha a kulle, Curtis yana birni, ni ina wurin likitan gwiwa. Jana'izar ce ta tara mu. Duk shekarar nan ba mu taɓa yin yawa da rana kamar ranar ba, kuma ƙaraminmu in ban da Curtis haƙoran roba gare shi.

Daga nan na soma jero musu gobarar garin nan tun ta wurin katako, da waɗanda suka fito kashe kowace. Ina kiran suna, wani ya ce yana maƙabarta, wani ya ce ya koma wurin 'yarsa. Delbert Yost ya yi ihu daga baya, "Virgil ya sayar da Orval tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba!" Na ce, "Delbert, kai da bokiti ɗaya ya zaunar da kai kana haki, rufa mana baki." Wilma ce ta fara dariya, sai ɗakin ya ɗauka.

Ƙuri'ar ƙarin haraji ta ci. Da ƙyar, amma ta ci, kuma kowa ya san bakin wa ya juya ta. Daga bazara za a sami mutane a tasha tun safe har yamma, mu kuma muna nan in jiniya ta yi kuka. Nadine tana wurin 'yar'uwarta, za mu gasa kaji mu tayar mata da rufi.

Kada ki ce wa Dwayne na canza ra'ayi. Garin ne ya canza, ni dai na riga su faɗa.

Abu ɗaya nake so ki riƙe, na kuma gaya wa Curtis a gaban shaidu. In tawa ta zo, kada wanda ya taɓa mesar nan. Ku sa ni a bayan akori-kurata, motar gobara ta biyo ni a baya da kayanta cif. In jiniya ta yi kuka a hanya, ta juya ta tafi. Na san hanyar maƙabarta.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Virgil Kimmel