Baba Yana Jiran Motar Katsina

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal, ya Anti Binta da yara? Mu nan lafiya, sai dai jikin Baba.

Ka tuna ranar da aka ba Katsina jiha? Muna yara a unguwar Sharada, Baba ya baro masaƙa ya yanka rago. Har maƙwabcinmu Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, ya taka rawa, wai ya huta da Katsinawa. Baba ya rantse da an yi sallah za mu koma gida Katsina. An yi salloli, masaƙar ma ta mutu, muna nan.

To, mantuwa ta mayar da shi ranar. Kullum da safe sai ya sa hula ya zauna a ƙofar gida. "Motar ba ta zo ba?" In ce tana hanya. Duk karatuna, iyakar amsata ke nan.

Ka gaida kowa, a sa shi a addu'a. Amma ka daure ka zo. Har yanzu yana kiran sunanka. Ni kuwa jiya "Malam direba" ya ce mini.

Ƙaninka,
Lawal