Kayan da Safinatu Ta Aika Gida

Agege, Legas
Watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Kalsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da duk mutanen Rafin Marke. Yaya zafi? Yaya ciwon gwiwar nan?

Tun da aka ƙone ƙarfen sabis ɗin wajenku ban sake jin muryarki ba, shi ya sa na koma takarda kamar mutanen da. Malam Shitu direba, mai ɗauko tumatirin su Naziru zuwa kasuwar Mile 12, shi zai kawo miki.

Ki buɗe baƙar ledar nan a hankali. Huluna ne da safa da 'yar rigar sanyi, na abin da 'yarki za ta haifa. Kin san bakina ba ya kiran sunan 'yar fari, ko a takarda. Ke kika goye ta tun daga yaye, ke kika kai ta ɗakin Naziru, to ke ce uwa, ni dai tawa saƙa. Ulu ruwan ƙwai na saya, tunda ba mu san abin da Allah zai kawo ba. Tsohon kwarashina ya karye, sabon kuwa cin yatsa yake, amma ban ajiye ba. Saura mayafin naɗe jariri, na fara shi.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Baba mai gidanmu ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da gidan. Sabon ogan ya zo da masu awo, ya ce kowa ya fita kafin damina ta zauna, rushewa zai yi. Na ce masa, "Oga, a ɗakin nan na haihu, a ɗakin nan mijina ya cika." Ya ce in yi haƙuri, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Da marigayi mijina yana raye, abokansa mahauta na kwata da sun tsaya mana. Yanzu ta'aziyya kawai suke tunawa da ni.

Na hau motar haya ta danfo har unguwar Ajegunle neman ɗaki. Wanda aka nuna min, ruwan kwatami ne kwance a bakin ƙofarsa. Waɗanda suka yi kama da ɗaki kuwa sun fi ƙarfina. Sai na ce me ya yi zafi? Ina da gidan ubana, ina da Yayata, ga jika na tafe. Gida zan dawo, Yaya, dawowa ta gaba ɗaya.

Kwalayen da Shitu zai sauke miki kwalaben tumatirina ne, sana'ar da nake ci da ita. Da yake kaya sun yi araha na sayi kwanduna, na kai inji, na dafa har ya yi kauri, na ɗura, na sake dafa kwalaben don kada ya lalace. Kowacce na naɗe ta da tsohon zane. Kada ki bari a ɗora musu nauyi, a sa su inda rana ba ta kaiwa. Wanda murfinsa ya kumbura a zubar. Sauran suna nan tafe.

Ki gaida 'yarki, ki ce ta rage ɗaukar ruwa. Ki gaida Naziru.

Ƙanwarki,
Safinatu


Rafin Marke
Watan Mayu

Zuwa ga Safinatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiyar Allah. Allah ya jiƙan mai gidan naku, ku kuma ya musanya muku da mafi alheri.

Kaya sun iso. Kwalba ɗaya ta fashe a hanya, sauran suna ƙarƙashin gadon marigayiya Inna. 'Yarmu Nuriyya ta ga saƙar. Ta sa hular a dunƙulen hannunta tana juyawa, sannan ta ce in gaya miki ta gode, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Ƙafafunta sun kumbura, amma tana cin abinci.

Game da dawowarki, ki dakata. Kada ki sake aiko kaya. Ki roƙi mutumin nan ya ƙara miki lokaci, in ya ƙi ki kama ko wane irin ɗaki ne, ko da mai ruwan kwatamin ne. Ɗaki a Legas ba abin saki ba ne. Ki ji maganata a matsayina na babba, kada ki tambaye ni dalili yanzu.

Naziru ya yi tafiya. Nuriyya tana wajena.

Ki yawaita yi mana addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Kalsum


Agege
Ƙarshen Mayu

Yaya Kalsum,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya.

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ashe ɗaki mai ruwan kwatami shi ya dace da ni? In ba kya son in dawo, ki fito ki faɗa. In kina tsoron zan zo in raba ki da yarinyar ne, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni da na kasa ko kiran sunanta, ni zan ƙwace ta?

Ba ki san halin da nake ciki ba. An kware rufin ɗakunan baya. Maƙwabtana duk sun watse, sai ni da wata tsohuwar Bayarabiya mai sayar da burodi. Ranar Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ɗauke kwalaye na jera kan gado, ni na zauna kan turmi rungume da saƙata don kada ulun ya jiƙe. Na je wajen ogan kamar yadda kika ce. Mai gadinsa ya ce, "Mama, oga ya ce kar a sake barin ki shiga." Ɗan arewa ne ma, da Hausa ya gaya min, idonsa a ƙasa.

Na sayar da gadon da firjin. Sauran kwalaben, cikakku da waɗanda ba komai a ciki, da tukunyar dafawa, duk na ba Shitu. Ki karɓa ko kada ki karɓa, gidan nan na ubanmu ne mu biyu.

Mayafin ya kammalu, yana cikin jakar da na ba Shitu. Na yi masa baki da farin zare. Ki wanke shi da ruwan sanyi kafin a sa, ƙurar rusau ta shiga shi.

Kuma wace irin tafiya ce Naziru zai yi matarsa na gab da haihuwa? Wa ya bar wa lambun?

Ki yafe min in na yi zafi. Na gaji ne.

Safinatu


Agege
Watan Yuni

Yaya,

Salamu alaikum. Ban san inda wannan takarda za ta same ki ba.

Shitu ya dawo min da kayana da takardata. Na gode Allah da ba ta kai hannunki ba, maganganun banza na rubuta a ciki. Ya ce tun daga gada aka tare shi aka ce ya juya. Ya ajiye motar ya hau babur ya shiga. Ya ce babu kowa a Rafin Marke, ko akuya. Ƙofar gidanmu a buɗe, rumbuna a ƙone. Na ce, "Malam Shitu, Naziru fa?" Ya ce, "Hajiya, ki bari mu ji daga bakin Yayarki." Daga nan na kasa fitar da komai daga bakinsa.

An rushe gidan namu. Tsohuwar nan mai burodi ta ba ni wuri a bayan shagonta, nan nake tsakanin kwalaye. Hannuna ya ƙi zama, sai saƙa nake ina warwarewa.

Shitu ya yi alkawarin zai bi makarantu da masallatan da aka ce mutanenmu sun fake, har ya gan ki. Na ba shi mayafin. Don Allah, don darajar Inna, ki gaya min gaskiya, kowace iri ce. Ina Nuriyya? Ga shi na rubuta sunan. Ina 'yata?

Ƙanwarki,
Safinatu


Makarantar firamare, cikin gari
Watan Yuni

Zuwa ga ƙanwata Safinatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kafin ki ci gaba da karatu ki nemi wuri ki zauna, ki kira tsohuwar nan ta zauna kusa da ke.

Shitu ya miƙo min wayarsa in kira ki, na kasa. Ni na roƙe shi ya yi shiru har ya sa wannan a hannunki, kada ki ga laifinsa.

Naziru ba tafiya ya yi ba. 'Yan bindiga ne suka same shi a lambu yana ban ruwa, suka harbe shi da wasu mutum biyu, kafin kayanki na farko su iso. Nuriyya tana takaba ta karɓi hular nan. Ita ta ce kada a gaya miki sai ta sauka, ta ce, "Umma tana can ita kaɗai, wa zai riƙe ta in ta faɗi?" Kuma ki sani, ranar da takardarki ta farko ta zo mun riga mun ɗaure kayanmu. Wajenki muka yi niyyar tahowa da zarar ta haihu. Da na karanta an sayar da gidan da kike ciki, na rasa yadda zan gaya mata. Abin da ya sa na ce ki riƙe ɗaki ke nan.

'Yan bindigar sun dawo ranar kasuwa da hantsi. Muka fita da abin da ke jikinmu. Nuriyya ta koma ɗaki da gudu, na zaci takardun asibiti za ta ɗauko, sai ga ta da baƙar ledarki. Kwalabenki suna can ƙarƙashin gado, in sun bar su.

A ƙafa muka zo, cikin ruwa. Naƙuda ta kama ta a hanya, muka lallaɓa har muka iso nan. A cikin aji ta haihu, mata sun kewaye ta da zannuwa. Mace ce. Jini ya ɓalle, ya ƙi tsayawa. Kafin a sami abin hawa zuwa asibiti ta tafi. Ta ga yarinyar, Safinatu, ta riƙe ta, kuma ta cika da kalmar shahada. Ni na yi mata wanka. An yi mata sutura yadda ya kamata.

Liman ya raɗa wa yarinyar suna Mastura. Ƙarama ce ƙwarai, hular ma ta yi mata yawa sai da na naɗe bakinta. Babu mai shayarwa a ajinmu sai mace ɗaya, ita ma nonon bai ishi nata ba. Madarar da aka raba mana ta ƙare, ruwan sukari nake ɗiga mata da cokali. Kukanta ya fara yin ƙasa, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Kin ba ni amana, ga yadda na dawo miki da ita. Ban san inda za mu nufa ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya jiƙan su da rahama.

Yayarki,
Kalsum


Agege

Yaya,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan su. Babu abin da zan yafe miki, ke ce aka yi wa rashi.

Shitu zai juyo jibi. Na ba shi gwangwanin madara da ruwan roba don hanya. Ku shiga gaba kusa da shi, kada ki yarda a sa ku a baya.

Akwai wata Balkissa, 'yar Nijar, mijinta mai dako ne a Mile 12. Ban san ta ba sai jiya, da ta ji ina kuka ta leƙo. Nata yaron ya kusa yaye. Ta ce nono yana nan, har ciwo yake mata, za ta shayar da Mastura. Ta share mana barandarsu, an kewaye da buhu.

Ba ɗaki ba ne, Yaya, amma ruwa ba ya shiga. Ku taho. Ki riƙa taɓa yarinyar a hanya, kada ki bari ta yi dogon barci.

Ƙanwarki,
Safinatu