Teburi Huɗu a Maitama

Daren Laraba, Kakuri.

Duk satin nan Alhaji, mai kamfaninmu, ya sa ni bugun waya, ina kwatanta masa hayar ofis a Ikoyi da Maitama. Dillalan Legas da dala suke magana, suna auna ɗaki mita-mita kamar yadi. Na Abuja kuwa sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Ni wawa har raba dare nake ina karatu a kai, wai kamfaninmu zai bar Kaduna!

Yau ya zaɓi Abuja. Teburi huɗu ne a zanen ofishin, mu biyar ne.

"Alhaji, ina nawa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Sani, ba kai ka ce mita tsada gare ta ba?"

A gida, Inna sai tambaya take yaushe tafiya. Na ce mata barci nake ji.