Wuƙar Da Abba Ya Miƙa Da Hannunsa

Zuwa ga maigidana, Baban Abba, Allah ya jiƙanka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata makwancinka na da haske da yalwa. Ni ce Hajara. Na san abin zai ba ka mamaki, domin ka tafi ka bar ni ban iya ko harafin farko na sunana ba, duk inda aka ce a sa hannu sai dai in dangwala yatsa. Yau ga ni ina rubuta maka da kaina a waya, a hankali, ina yi ina gogewa. Matan ajinmu na karatun manya a nan Adjamé suka ce in sa wasiƙar a zaurenmu na waya kowa ta karanta. Sai da na tambayi Abba, tunda maganarsa ce. Ya ce, "Inna, rubuta abinki, ni na gama ɓuya."

Malam, labarin teburinka na kawo maka, wanda ka bar wa Abba a layin mahauta na kasuwar Treichville. Saura kaɗan mu rasa shi, mu rasa yaron tare da shi.

Bayan rasuwarka ya riƙe sana'ar yadda ka koya masa. Yakan yi asuba ya tafi mayanka, ya ɗauko nama, kafin rana ta ɗaga ya jera. Wuƙarka yake aiki da ita, mai ƙotar nan da ka naɗe da robar taya. Matan da ke saye a wurinka duk suka koma wurinsa, har da Tanti Akisi mai gidan abinci, wadda kake cewa ta fi sikeli sanin kilo.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura tuwon da nake rufe masa yana kwana a kwano. Da safe idonsa ja, in na tambaya ya ce barci ne bai zo ba. Yaron da in ya shigo tsakar gida sai ya tsokani kowa, ya koma shiga ɗaki ya ja labule. Maƙwabta suka ce palu ne, zazzaɓin sauro. Muka sha maganin palu har muka gaji.

Rannan Tanti Akisi ta ce ya yanka mata tsoka manya-manya. Ya sa wuƙa ya fara, bai tsaya ba. Tana magana ba ya ji, hawaye na zuba, yana ta yanka har naman ya zama kamar an niƙa. Ta ja da baya ta yi ihu da Faransanci cewa yaron ya haukace. Layin duka ya watse. Ka san mutane, Malam: mai taɓin hankali daban, mai taɓin hankali da wuƙa a hannu kuma daban.

Abin da ya yi a lokacin nake so ka sani. Da ya dawo hayyacinsa ya ga mutane sun yi nesa da shi, sai ya wanke wuƙar, ya naɗe ta a tsumma, ya ɗauki barandamin ma, ya taka da ƙafarsa har wurin Sarkin Fawa, Alhaji Ɗanjuma. Ya durƙusa ya ajiye su a gabansa. Alhaji da bakinsa ya faɗa mini abin da ya ce: "Baba, riƙe mini waɗannan. Kaina ba daidai yake ba. Ko na zo na roƙe ka kada ka ba ni sai na samu lafiya." Ba wanda ya kama shi, ba wanda ya ƙwace. Shi ya miƙa.

Ka san abin da mutanenmu suke yi a nan in irin wannan ta faru. Ba a faɗin sunan ciwon. Sai a nemi motar da ta sauke shanu za ta koma arewa, a sa mutum a gaba kusa da direba, a ce ya tafi ganin gida. Teburinsa a ba wani. Na tuna lokacin da aka yi wa Mamman Dogo haka, ka dawo gida ka kasa cin abinci. Ka ce mini, "Hajara, wanda aka kai gida a haka ba ya dawowa. Ko ya warke, kunya ba ta barinsa."

Ƙaninka Isa ya zo da wannan shawarar, har ya yi magana da direba. Ba mugunta ya yi ba, shi ma abin da ya taso ya gani ke nan. Ya ce a garinmu Illela akwai dangi, akwai malamai, kuma ba wanda zai nuna mu da baki. Ni kuwa sai tunani nake. Yaron da aka haifa a Adjamé, wanda Faransancinsa ya fi Hausarsa, wa ya sani a can? Zai zauna a zaure ne a riƙa leƙensa. Ban taɓa musu da Isa ba tun da aka kawo ni gidanku, amma ranar na ce a'a. Abba yana ɗaki yana jinmu. Ya ɗaga labule ya ce, "Baffa, a kai ni asibiti tukuna. In ya gagara, ni da kaina zan hau motar."

Haka muka fara hawa gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a Bingerville. Ranar farko na rufe fuskata da mayafi, kada wani ɗan unguwa ya gan mu. Da muka shiga sai na ga mutane irinmu zaune a benci: malamin makaranta, wata mai aikin banki da jakarta a cinya, wani direban bas. Likitar mace ce, ta daɗe tana sauraronsa ba ta katse shi ba. Ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, yana kama mutum kamar yadda hawan jini yake kamawa, kuma yana da magani. Na je na gaya wa liman. Ya ce mu riƙe addu'a, mu riƙe ƙwayar, duka biyun daga Allah suke.

A can ne na ji zafin rashin karatu. Kwalayen magani biyu, kalarsu kusan ɗaya, ɗaya na safe ɗaya na kwanciya, ni kuma ban iya bambancewa ba. Shi a lokacin ba ya iya kula da komai. Sai na ɗaura wa ɗaya zare. Wata rana zaren ya kwance, na zauna da kwalaye biyu a hannu ban san wanne zan ba shi ba. A makon nan na shiga ajin manya na bayan masallaci, da furfurata. Kalmar farko da na karanta da kaina sunan maganin ɗanka ce.

Sauƙi ya zo a hankali. Barci ya fara dawowa, sannan cin abinci. Ran da na ji yana tsokanar mai sayar da garin rogo da kifi na ƙofar gida, yana cewa kifinsa ya fi takalmi tauri, na shiga ɗaki na yi sujada.

Da likita ta ce zai iya komawa aiki, sai wata wahalar ta taso. Alhaji Ɗanjuma ya hana a raba teburin, Allah ya saka masa, amma mahauta sun ce ba za su tsaya kusa da shi yana riƙe da ƙarfe ba. Sai Alhaji ya yanke cewa ya dawo ba wuƙa. Tanimu, maƙwabcin teburinka, zai riƙa yanka masa, shi kuma ya auna, ya ƙulle a leda, ya wanke tebur. Aikin mai koyo, Malam, a kan teburin ubansa. Na ce ba zai iya haɗiye wannan ba. Ya sa rigar aikinsa ya tafi.

Ya sha baƙar magana. Suka sa masa suna Abba Bingerville. In ya zo wucewa wani ya ɓoye wuƙarsa a bayansa, a yi dariya. Da na ji na kasa zama, na ce ya bari kawai, mu nemi wata sana'a. Ya ce, "Inna, ai ba ƙarya suka yi ba, can nake zuwa." Tanimu ya gaya mini yadda yake ba su amsa. Wai in sun kira sunan sai ya amsa da ƙarfi, ya ce, "Na'am! Ran Talata zan koma, akwai wuri a gbaka, wa zai raka ni a duba shi?" Ranar ganin likita kuwa ba ya ƙaryar biki ko jana'iza. Yakan tsaya a tsakiyar layi ya ce gobe ba ya nan, zai je asibitin kai. Tun suna dariya har abin ya daina ba su dariya.

Damina ta wuce yana kan sikeli. Sai ran wata Asabar Alhaji ya aiko a ce mini in zo kasuwa. Na hau woro-woro, tasin haɗaka, muka haye gada, duk addu'ar da na sani na karanta. Na ɗauka wani abu ya sake faruwa. Na tsaya daga bayan masu tattasai inda zan hango layinku.

Alhaji ya fito da tsumman nan, ya kwance, ya ɗora wuƙar da barandamin a kan teburinka. Aka kawo cinyar bijimi da ƙugunta aka aza a kan kututture. Kai ka fi ni sanin wannan aikin, ba na mutum ɗaya ba ne. Dole wani ya riƙe da hannu biyu, yatsunsa dab da inda ƙarfe zai sauka, ɗayan ya sara. Alhaji ya dubi mahauta ya ce shi ya yarda da yaron, amma yardarsa ba ta isa ba, tunda ba shi zai riƙa riƙe masa kullum ba. Ya ce wa zai riƙe?

Malam, layin nan da ba a jin maganar juna saboda sara, ya yi tsit. Wannan ya duƙar da kai, wancan ya kama goge sikeli. Tanimu ya motsa, Alhaji ya ce ban da shi, an riga an san nasa. Abba na tsaye hannuwansa a baya, bai roƙi kowa ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Tsayuwarka sak. Ni kuwa na dafa buhun albasar mutane ina kallo.

Sai na ga Isa ya taso daga teburinsa can ƙarshen layi. Ƙaninka, wanda ya nemo direba. Ya naɗe hannun riga, ya dafa cinyar da hannu biyu, ya matso da yatsunsa har ya fi yadda ake matsowa. Ya ce, "To ɗan Yaya, sara mana. Ka dai bar mini na cin tuwo."

Abba ya yi bismilla ya ɗaga barandami. Na rufe ido. Na ji sara ɗaya, na ji na biyu, sai na ji Tanimu yana kabbara. Da na buɗe, ƙashin ya rabu daidai a gaɓa, Isa yana ɗaga yatsunsa sama yana nuna wa mutane ɗaya bayan ɗaya, ana dariya. Wadda ta fara saye Tanti Akisi ce. Ta ce masa yako, irin sannun mutanen nan, sannan ta ce tsoka manya-manya take so, kuma idonta na kan sikeli.

Ba zan ɓoye maka ba, ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Har yanzu yana shan magani, likita ta ce yana iya waiwayowa. Sun yi magana da Alhaji a gaban kowa: duk ran da barci ya fara ƙaurace masa, zai sake kai wuƙar ajiya, Tanimu ya yanka, tebur kuma na nan ba mai taɓawa. Alhaji ya ce wannan ba na Abba kaɗai ba ne, duk wanda ya ji kansa ya yi nauyi ya kawo tasa. Kwanan baya wani magidanci daga layinku ya zo gida da yamma, wai ya biyo ne a gaisa. Da zai tafi na ji yana tambayar Abba ƙasa-ƙasa inda ake hawa gbakar Bingerville. Tare suka je.

Ni dai halina na nan yadda ka sani. In ya yi jinkirin dawowa ina bakin ƙofa. Ina kiransa a waya har ya ce, "Inna, hannuna duk kitse ne, lafiya lau nake." Ina leƙa kwanonsa in ga ko ya cinye.

Ka san ɗan fari ne, ba na iya kallon idonsa in yabe shi. Ranar nan da ya dawo daga kasuwa da ƙullin nama a hannu, bakina cike da magana, abin da ya fito kawai shi ne, ka ci abinci? Shi ya sa nake gaya maka kai. Ka haifi namiji, Malam. Na ga masu ƙarfin da ke kayar da sa su kaɗai, amma ban taɓa ganin wanda ya kai wuƙarsa ajiya da ƙafarsa, ya tsaya a kan sikeli ana masa dariya, har ya karɓe ta a gaban mutane ba. In ya karanta wannan, to ya karanta, ni da babansa nake magana.

Allah ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ƙara wa Abba lafiya, ya ba shi barci mai daɗi, ya tsare hannunsa da hannun mai riƙe masa. Allah ya saka wa Alhaji da Tanimu da Isa da likitar nan da alheri. Duk uwar da ke karanta wannan tana da mai irin ciwon a ɗaki, Allah ya ba ta ƙarfin zuciyar fita da shi neman magani da rana tsaka. Mamman Dogo kuma, in yana raye Allah ya ba shi lafiya, in ya riga mu Allah ya haɗa ku a rahama.

Teburinka na nan, wuƙarka na yanka. Robar ƙotar ta tsinke, ya sake naɗa sabuwa irin naɗinka.

Wassalam.

Taka har kullum,
Hajara, Innar Abba,
Adjamé.